Ina son yin digirin digirgir kan kasuwar wutar lantarki: akwai hanya kuwa?

Ɗan Dilimi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau kam neman shawara ya kawo ni.

Ni ƙaramin malami ne a sashen tattalin arziki na wata jami'a, a Jos nake zaune, shekarata uku da fara koyarwa. Digirina na biyu na yi shi ne kan yadda rashin wuta ke cin masu ƙananan sana'o'i, kuma a gida na samo batun. Mahaifina mai walda ne a Dilimi, ya haura shekara talatin yana yi. Na tashi ina ganin ƙofar ƙarfe a jingine rabi a haɗe, yaran shago na zaune kan benci ana jiran a kawo wuta, mai aiki ya zo ya yi faɗa ya tafi. A watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ke biyowa ta Makurdi ya kawo mana wuta shi ma ya samu matsala, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu. A kwanakin nan na ga Baba ya mayar wa wani mutum kuɗin kafin alƙalami, domin in ya yi aikin da janareta, kuɗin dizal zai cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi. Tun ranar abin bai bar raina ba.

Yanzu ina son in yi digirin digirgir kan manufofin makamashi mai sabuntawa da kasuwar wutar lantarki, in mayar da shi fagen da zan tsufa a ciki. Na kai maganar wajen wani babba a sashenmu, ya ce mini wannan aikin injiniyoyi ne, ba mu da mai duba irinsa, gara in koma kan manufofin kuɗi da hauhawar farashi inda malamai suke da yawa, in gama cikin lokaci. Fita waje ma ta yi wuya, tunda TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malamai ƙasashen ƙetare daga farkon 2025. Ga kuma wani abokina a Abuja da ke aiki da masu ba da shawara kan ayyukan sola, yana ta kirana, albashin ya ninka nawa. Ina da mata da 'ya ɗaya, haya nake biya a Rikkos.

Abin da ya fi damuna ma shi ne wannan: duk muƙalar da na buɗe, maganar Jamus ce ko Ingila ko Amurka, inda farashin wuta ke sauyawa awa bayan awa. Mu nan muna da abin da za a kira kasuwa kuwa, ko zan ɓata shekara huɗu ina nazarin abin da babu shi? Don Allah waɗanda suka riga ni shiga wannan hanya su haska mini.

Malama daga Gwarimpa ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da kasuwa. Wannan fagen nake koyarwa a nan Abuja, na kuma sha irin maganar da babban naku ya yi maka. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin sauran a kanta suka rataya.

Abin da kake karantawa gaskiya ne a inda aka rubuta shi. Tun 1990 Ingila ta buɗe kasuwar da tashoshi ke taya farashi, ƙasashen arewacin Turai kuma suna da tasu, Nord Pool. Kowace tasha ta faɗi nawa za ta sayar, a jera su daga mai araha zuwa mai tsada, a ɗauka har buƙata ta cika, farashin tashar ƙarshe da aka ɗauka shi ne na kowa a wannan lokacin. Rana da iska ba a sayen mansu, saboda haka su ke shiga gaba, su danne farashi, sai tashoshin gas su kasa mayar da kuɗinsu alhali ana buƙatarsu da dare. Rigimarsu ke nan, kuma ya kamata ka san ta sosai don harshen fagen ne.

Tamu daban ce. Dokar gyaran wutar lantarki ta 2005 ta kafa NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wuta, ta farfasa tsohuwar NEPA zuwa kamfanonin rarrabawa 11, na samarwa 6, da na dakon wuta guda ɗaya, wato TCN. A Nuwamban 2013 aka miƙa yawancin na rarrabawa da na samarwa ga 'yan kasuwa, TCN ya zauna hannun gwamnati. A tsakiya aka sa wani kamfanin gwamnati, NBET, ya riƙa sayen wuta a dunƙule bisa kwangila. Farashin da Baba ke biya kuwa ba tayi ne ya fitar da shi ba, NERC ce ta daɗe tana yanke shi da wani lissafi na shekaru da ake kira MYTO, wanda aka fara a 2008. To kasuwa ce, amma ta kwangila da alƙalamin hukuma. Kuɗi na tashi daga hannun mai amfani zuwa kamfanin rarrabawa, zuwa NBET, zuwa tasha, zuwa mai sayar da gas, tunda wajen kashi uku cikin huɗu na wutarmu da gas ake samar da ita. A kowace gaɓa tulun na yoyo. Kusan rabin masu amfani ba su da mita, ana kawo musu bil na ƙiyasi, su ƙi biya don ba su yarda da shi ba. Farashin da aka yanke bai kai abin da aka kashe ba, gwamnati ta ce za ta cike giɓin, cikon ya makara. Shi ya sa muke da tashoshin da aka girka masu ƙarfin megawat wajen 13,000 amma abin da ke isowa yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000.

Ga misalin da nake fara aji da shi kowace shekara. A 2016 NBET ya sa hannu da kamfanoni 14 su gina manyan tashoshin sola, jimilla sama da megawat dubu, da yawansu a nan Arewa, kan santi 11.5 na dala kowane yunit. Shekaru suka shuɗe ba su tashi ba. Masu ba da bashi sun nemi lamunin gwamnati don ba su amince za a riƙa biya ba, gwamnati kuma ta nemi a sauko da farashin zuwa santi 7.5. Ranar Katsina da ta Bauchi ba ta ragu ba ko kaɗan a tsawon shekarun nan. Afirka ta Kudu kuwa tun 2011 take gwanjon kwangilolin sola da iska, ana ginawa, farashi na sauka daga zagaye zuwa zagaye. Me ya bambanta mu? Wannan tambaya ce ta mai tattalin arziki da mai nazarin hukumomi, injiniya shi kaɗai ba zai amsa ta ba. Ka kai wa babban naku wannan misalin cikin ladabi.

Sai abin da ya sa na zauna rubuta maka dogon bayani: kana zaune a kan abin da mu a Abuja ba mu da shi. NESCO, wani tsohon kamfanin wuta, na nan Bukuru, tun 1929 take samar da wuta daga ruwan Kurra, an kafa ta ne don masu haƙar kuza. Aka yi hukumar wuta ta ƙasa ECN a farkon shekarun 1950, aka yi NEPA a 1972, aka yi PHCN, ita tana nan tana aikinta a gefe. Kamfani mai zaman kansa, makamashi mai sabuntawa, kusan shekara ɗari, a ƙofar gidanka. Yaya alaƙarta take da masu sayen wutarta? Yaya biyan kuɗi yake a wuraren da take kaiwa in an gwada da maƙwabtansu? Ƙari a kan haka, gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Wutar Lantarki ta Yunin 2023 sun ba jihohi damar kafa kasuwarsu da hukumarsu. Enugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓa a 2024, Filato ma ta bi sahu. Sabuwar hukuma tana buƙatar wanda ya iya lissafin farashi, ya kuma san unguwannin.

Sannan ga rukunan wuta. Tun 2020 aka raba masu amfani: rukunin A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga na rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225, sauran aka bar su. Ka ga layuka biyu a unguwa ɗaya, sana'a iri ɗaya, ɗaya farashinsa ya ninka fiye da sau uku, ɗaya bai motsa ba. Mai bincike a Turai kuɗi zai kashe ya ƙirƙiri irin wannan gwajin, kai an shimfiɗa maka shi. Wa ya koma sola? Wa ya rage ma'aikata? Wa ya ga gara tsadar da zaman jira? Shagon Baba a wane rukuni yake, ka sani?

Maganar mai duba aiki ba ta kai yadda kake tsoro ba. Ka nemi wanda ya ƙware a lissafin ƙididdigar tattalin arziki a sashenku ya zama na farko, ko da bai taɓa rubutu kan lantarki ba, sannan ka nemi na biyu daga waje. Jami'ar Ibadan na da cibiyar CPEEL da ta haɗa tattalin arzikin makamashi da shari'a. Ƙungiyar masana tattalin arzikin makamashi ta Najeriya, NAEE, na taro duk shekara, ka kai ko da gajeriyar muƙala ce, a can na haɗu da wanda ya zama mai dubana na biyu. A Jami'ar Cape Town akwai Power Futures Lab, inda Farfesa Anton Eberhard da abokan aikinsa suka daɗe suna nazarin kwangilolin wuta a Afirka, ka karanta su kafin na Jamus. Tallafin karatu na Commonwealth na da wani nau'i da ke ba ka shekara ɗaya a Birtaniya alhali rajistarka na gida, wannan ya fi dacewa da mai iyali. Cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka ta AERC da ke Nairobi ma na tallafa wa binciken matasan masana tattalin arziki.

Wahalar gaske ita ce bayanai. Rahotannin NERC na kowane wata uku suna intanet kyauta, ka sauke su duka ka zuba a tebur ɗaya tun yau. Amma awannin wuta layi bayan layi, nan ne gizo ke saƙa. Na yi wata goma sha huɗu ina kai wasiƙa wani ofishi, kullum a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ranar da na fito daga can na zauna a mota na yi kuka, domin lokacin karatuna na ƙurewa. Daga ƙarshe littattafan rubutu na saya, na raba wa gidaje arba'in, suna rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke har wata shida. Wannan aikin shi ne ya fita a mujalla mai daraja. Kuma ka kiyayi mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako biyu. Muƙala ɗaya a mujallar Energy Policy ko Utilities Policy ta fi goma irin waɗancan, ko da za ka sha gyara shekara guda.

Injiniya na Kubwa ya amsa:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka. Amma ranki ya daɗe, ina da ja a wuri ɗaya. In aka ce matsalar kuɗi ce kawai, ɗalibi zai ɗauka waya ba ta da nata hukuncin. Ko yau aka biya kowa bashinsa, yawancin tashoshin gas suna Kudu, Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru duk suna yankin Neja, layukan kilobolt 330 da ke hawowa Arewa kuma 'yan kaɗan ne. Abin da ya faru a Oktoban 2024 ke nan, layi biyu suka fita, jihohi suka yi duhu. Haka nan ba a jona babbar tashar sola a kan raunanan layi a tafi barci. Dole wutar ta tsaya kusa da hez 50, wato saurin bugawarta, gajimare ya gifta wuta ta faɗi, sai an samu wata tashar da za ta cike nan take. Buƙata kuma ta fi yawa bayan magariba, lokacin da ranar ta tafi.

Shawarata gare ka Malam, ka je sashen injiniyan lantarki ka roƙi izinin zama a ajin tsarin wuta na 'yan shekara uku, zango ɗaya. Na taɓa zama taro da wani mai digiri uku yana cakuɗa kilowat da yunit, wato ƙarfi da adadin da aka sha, daga nan injiniyoyin ɗakin suka daina saurarensa, alhali sauran maganarsa mai kyau ce.

Ni aikina ƙananan tashoshin sola na ƙauyuka ne, irin waɗanda NERC ta yi wa ƙa'ida a 2016 ta sabunta a 2023. Abin da ke kashe su ko ya raya su, shi ne wanda zai sha wuta da rana. Ƙwan fitila da cajin waya ba sa biyan batir. Sai in akwai mai injin niƙa, mai walda, mai ƙanƙara. Wato irin su Baba su ne ginshiƙin lissafin, kuma masu zuba jari ba su san yadda sana'arsu ke tafiya ba. Ka duba tumatirin da ke ruɓewa a Farin Gada don rashin ɗakin sanyi, da masu dankali a Bokkos da Mangu da ke ban ruwa da injin fetur. Duk tambayoyi ne.

Aikin Abuja kuwa, gaskiya akwai shi yanzu. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a Disamban 2023 don shirin DARES na faɗaɗa makamashi mai sabuntawa, wanda hukumar samar da wuta a karkara, REA, ke gudanarwa. Sai dai kowane shiri yana da ranar rufewa.

Baba Tsohon Ma'aikaci ya amsa:

Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da sana'ar mahaifinka. Jikana ne ke rubuta mini wannan. Na yi aikin karanta mita zamanin NEPA har na yi ritaya, na zaga Gangare da Nasarawa da Unguwar Rogo da ƙafata. A lokacin mutum na ganin abin da na rubuta a katinsa, ya san abin da ya sha, rigima ba ta yi yawa ba. Ka sa wannan a bincikenka: mutum na biyan abin da ya gani da idonsa. Mu tsofaffin ma'aikata muna raguwa, ka zo ka ɗauki maganarmu tun muna nan. Kuma ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, akwai fayilolin lardin Filato na zamanin Turawa, ka nemi na kuza da na wuta.

Abban Khalil ya amsa:

Ɗan'uwa, ni na bar koyarwa ne bayan yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba ba albashi, na sayar da motata na biya kuɗin makarantar yara. Yanzu ina Abuja ina irin aikin da abokinka ke kiranka. Ina biyan buƙatuna, ba zan ɓoye ba. Amma rahoton da nake rubutawa na wanda ya biya ne, shi ke zaɓen tambaya, wani lokaci a kulle shi a durowa. Rabona da rubuta abin da ni na ga dama tun da na zo, kuma digirin da na fara yana nan a babi na biyu, abin na damuna har yau.

In za ka ji tawa, ka yi rajista tukuna, ka riƙe kujerarka, ka karɓi ƙananan ayyuka daga abokin naka lokacin hutu, da sanin shugaban sashenku. Masu ba da aikin ma sun fi daraja wanda ke da digirin da kuma bayanan da ya tattara da hannunsa. Kafin komai ka zauna da maiɗakinka ku yi lissafin shekara huɗu a takarda, haya da abinci da kuɗin zuwa taro, domin ita za ta ɗauki rabin nauyin.

Ɗan Dilimi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malama, tambayarki ta tsaya mini a rai, domin ban san rukunin shagon Baba ba. Jiya bayan la'asar na je na duba takardar bil ɗinsa, rukunin C ne. Da na gaya masa dalilin tambayata, sai ya buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye kayan aiki ya ciro littattafai biyar. Ashe tun 2019 yake rubuta kowace lita ta dizal da ya saya, da kwanan wata, da aikin da ya yi da ita, wani wurin da boko wani wurin da ajami. Ya ce maƙwabcinsa mai gyaran injin niƙa ma yana da irinsu, kuma shugaban ƙungiyar masu walda abokinsa ne, zai kai ni wajensa ranar Asabar.

Injiniya, na yi magana da wani malami a sashen lantarki, ya ce in zo ajinsa zango mai zuwa. Baba Tsohon Ma'aikaci, zan turo lambata ta saƙon sirri, jikanka ya sanar da ni ranar da ta dace in zo gaishe ka da rakoda. Abban Khalil, mun fara lissafin da Maman Hanifa daren jiya, ba mu gama ba.

Malama, saura tambaya ɗaya: shago nawa ya kamata in tattara kafin a ɗauki aikin da muhimmanci?

Malama daga Gwarimpa ta amsa:

Ma sha Allah, littattafan nan ka ɗauki hoton kowane shafi yau, ka mayar wa Baba kayansa. Adadin shaguna ba a yanke shi da ka, sai ka ga yadda kuɗin dizal ke bambanta daga shago zuwa shago. Ka fara da ashirin a matsayin gwaji, rabi a layin rukunin A, rabi a wani rukunin, sana'a iri ɗaya, daga nan mai dubanka zai taya ka lissafa adadin da ake buƙata. Kada ka rubuta sunan kowa a tebur, lamba za ka ba su, kuma ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku kafin ka fara tambayoyi. Ka rubuta shafi biyu kan abin da kake son ganowa ka turo mini kafin ƙarshen wata, zan karanta.